Layi ɗaya da na rubuta a rahoton mako

Ranar Laraba da ta wuce na miƙa rajistar sunaye da makullin ƙaramin ɗakin taro ga wanda zai gaje ni. Shekara shida ke nan ina jagorantar ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ta tsakiyar mako a ikkilisiyarmu. Ya roƙe ni in rubuta masa shawarwari. Na zauna da niyyar jero masa abubuwa da yawa, amma duk ta inda na ɓullo sai biro ya koma kan dare ɗaya.

A shekarata ta biyu ne, muna cikin littafin Ayuba. Mu goma sha ɗaya ne a lokacin. Da muka kai sura ta 3, inda Ayuba ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi, sai wata 'yar'uwa da ba ta cika magana ba ta rufe littafinta, ta dafa shi da hannu biyu, ta ce ita ma ta taɓa furta irin wannan. Mijinta ya faɗa caca, ya ciwo bashi da sunanta, kuma ta yi wata uku in ta durƙusa addu'a ba abin da ke fita daga bakinta. Ɗakin ya yi tsit.

Mako ɗaya kafin nan, ni da kaina na yi ta yabon Elifaz da Bildad da Zofar, abokan Ayuba, saboda sun zauna da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Amma ni ko minti ɗaya ban iya riƙe shirun ba. Na buɗe Romawa 8:28, inda aka ce kome yana aiki ne don alherin masu ƙaunar Allah, na karanta mata, har da ɗan sharhi. Ta gyaɗa kai kawai. Wannan sakarci ne, amma da a nan na tsaya da sauƙi.

Dattijon da ke kula da ƙananan ƙungiyoyi ya kafa doka cewa kowane shugaba ya kawo rahoto a rubuce ranar Juma'a: mutum nawa suka zo, wace sura aka karanta, sai gurbin “buƙatun addu'a” a ƙasa. Kullum da John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, yake kafa hujja, wai shi ma shugabannin ajinsa suna kai masa rahoto. A wannan gurbin na rubuta sunanta, na rubuta caca, na rubuta bashi. Ina rubutawa ina jin kamar taimako nake yi.

Bayan mako biyu, a sujadar Lahadi, mai jagoran addu'a ya roƙi Ubangiji ya kuɓutar da “gidan da caca ta shiga.” Bai ambaci suna ba, ba ma sai ya ambata ba. Na ga kawuna suna juyawa zuwa benci na huɗu, inda take zaune kusa da mijinta.

Bayan an tashi ta same ni a bakin ƙofa, ko murya ba ta ɗaga ba.

“Ɗan'uwa, da ku goma na yi magana, ko da ikkilisiya duka?”

Na ce ai don a taya ta addu'a ne.

“Ka tambaye ni?”

Har yau ba ni da amsa.

Na je wurin dattijon na ce, “Baba, takardar nan hannunka kaɗai na ba.” Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni na ce ka sa suna?” Daga baya na gano shi ne ya karanta ta a taron dattawa, shi ne kuma ya miƙa ta ga masu addu'a. Amma a taron shugabannin ƙungiyoyi na ƙarshen wata, da ni ya buga misalin shugaban da ba ya iya bakinsa. Na sunkuyar da kai na haɗiye. Na yafe masa, ko in ce ina kan yafewa. Har yanzu in ya miƙe yin magana kan riƙon amana, takalmina nake kallo. Sai dai duk jin haushin da zan yi, rubutun hannuna ne a takardar.

Haushin ne ma ya sa na je na bincika zancen Wesley. Gaskiya ne, a 1742 a birnin Bristol na Ingila aka fara raba mabiyansa aji-aji, kimanin mutum goma sha biyu a kowanne, da farko don tara kuɗin biyan bashin ɗakin taronsu. Gaskiya ne kuma shugaban aji yana sanar da mai hidima wanda ba shi da lafiya da wanda ya kauce hanya. Abin da Baba bai taɓa faɗa mana ba shi ne, wannan yana cikin dokokin da aka buga a 1743, a fili, duk mai shiga yana iya sanin inda maganarsa za ta je. Mu kuwa muna cewa mutane su saki jiki, nan gida ne, alhali akwai takarda a aljihunmu.

Tun daga nan, duk sabon da ya shigo, kafin mu buɗe littafi nakan gaya masa abin da nake rubutawa da wanda zai gani. Abin da aka faɗa a ɗakin na wanda ya faɗa ne. Ba ya fita sai da izininsa, ko da sunan addu'a, domin na ga yadda tsegumi ke iya sa rigar addu'a ya shiga ko'ina. In rai na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, wannan daban, kuma mai maganar zan fara gaya wa cewa zan kai gaba. Shekara huɗu gurbin nan na ƙasa ɗan layi kawai nake ja a ciki. Baba ya yi ƙorafi sau biyu cewa rahotona ba nama, na ce na ji. A cikin shekarun nan ba wanda ya sake barin ƙungiyarmu saboda magana ta fita.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. In kun haura goma sha biyu ku rabu biyu, in ba haka ba masu kunya za su koma 'yan kallo. In za ku karanta wani littafi ban da Littafi Mai Tsarki, zaɓi siriri, kuma ka san rabinsu a hanya za su leƙa babin. Mai cinye lokaci da surutu, ba shi aikin karanta ayoyi. In ka yi tambaya aka yi shiru, ƙirga goma a zuci kafin ka amsa wa kanka. A tashi kan lokaci.

Ita kam ba ta sake zuwa ba, daga baya ma ta koma wata ikkilisiya. Na rubuta mata wasiƙar ban haƙuri, ta aiko da godiya a layi ɗaya. Sunanta na nan a shafi na uku na rajistar, na kuma gaya wa magajina kada ya soke shi.