Megaminx: na sauka ƙasa da minti biyu, S2L ta saki hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu juya Megaminx, wasan jera launi mai fuska 12. Alhamdu lillahi, matsakaicin lokacina na warwarewa sau biyar ya faɗo ƙasa da minti biyu, kuma wallahi na ji daɗi ƙwarai, don na daɗe a maƙale. Ban haddace ko algoridim (jerin motsi) ɗaya sabo ba. S2L na gyara, wato matakin jera hawa biyun da ke kafin hawan ƙarshe, ita ma ba ta wajen saurin yatsu ba, ta wajen gane launi.

Ku duba lissafin. Guda 50 ne ke motsi, kusurwa 20 da gefe 30. Tauraro (gefe biyar na farar fuska) da F2L (hawa biyu na farko) sun kwashe gefe 10 da kusurwa 5. Hawan ƙarshe na da gefe 5 da kusurwa 5. Saura gefe 15 da kusurwa 10, wato guda 25, rabin wasan cif, duk a cikin S2L. Wanda ya zauna haddar algoridim 151 na PLL (jera gudan hawan ƙarshe a gurbinsu) alhali yana tsayawa neman kowane guda a S2L, ya bar inda lokacinsa ke zubewa. Ku ɗauki hoton bidiyon hannunku da waya, ku ƙirga sakan nawa hannun ke tsaye cak ido na yawo. Abin zai ba ku haushi.

Tsayawar nan yawanci daga launuka masu kama da juna take. Da rana a tsakar gida ba matsala. Amma yawancinmu nan Kaduna da daddare muke samun sarari, kuma in an ɗauke wuta aka koma fitilar caji, rawaya da ruwan madara sai su zama abu ɗaya, kore (mai duhu) da tsanwa (kore mai haske) ma haka. Ka ɗauko guda, ka haɗa shi, ka kai shi gurbi, sannan ka ga ba nasa ba ne.

Ga abin da ya warware mini. A tsarin launin da aka saba, masu kama da juna suna bayan juna ne: fari da toka, ja da ruwan goro, kore da tsanwa, shuɗi mai duhu da mai haske, rawaya da ruwan madara, shunayya da ruwan hoda. Kowace fuska na da maƙwabta biyar, kuma ɗaya tak take taɓawa daga kowane biyun nan. Don haka ba sai ka tantance launin da ke ruɗa ka ba, abokin zamansa ne zai faɗa maka. Ja na maƙwabtaka da fari, kore, shuɗi mai duhu, ruwan hoda da ruwan madara. In ka ga ja a jikin guda, duk wani kore da ke tare da shi mai duhun ne, duk wani mai kama da rawaya kuma ruwan madara ne, babu tantama. Ita rawaya tana tare da fari, shunayya, ruwan goro, tsanwa da shuɗi mai duhu. Ruwan madara kuwa toka, ruwan hoda, ja, kore da shuɗi mai haske. Ƙari a kan haka, da an gama F2L babu sauran fari a waje. Duk abin da ya yi haske-haske, ko madara ne ko toka, kuma guda 10 masu toka ba ruwanka da su sai hawan ƙarshe, ido ya koyi tsallake su.

Sai dai akwai wurin da wannan dabara ba ta kai ba, kuma har yanzu yana ƙona mini rai. Ja da ruwan hoda ba sa bayan juna, maƙwabta ne, kuma dukansu suna taɓa ruwan madara da shuɗi mai duhu. Ta wajen shuɗi da sauƙi: gefen ja da shuɗi ya riga ya shiga tun F2L, saboda haka wanda ya rage na hoda ne. Amma gefen madara da ja, da gefen madara da hoda, dukansu a S2L suke, kuma babu launi na uku da zai raba gardama. Haka tsanwa da rawaya, da tsanwa da ruwan goro. Maganin da na samu shi ne in fara S2L da fuskar madara koyaushe, in nemo gefen nan biyu a lokaci ɗaya in gwada su kusa da juna kafin in saka ko ɗaya. Da sun shiga, ruɗun ya ragu sosai.

Farawa da fuska ɗaya kullum yana da wani amfanin. Toka a sama, madara a gabanka: hoda na hagu, shuɗi mai haske na dama. Zagayen shi ne madara, hoda, tsanwa, goro, shuɗi mai haske. Kowace fuska guda biyar take ci: kusurwar ƙasa da gefenta biyu, sai kusurwa da gefe na gurbin da ke tsakaninta da ta gaba. Tsarin Westlund ke nan a taƙaice, wanda aka sa wa sunan Simon Westlund ɗan ƙasar Suwidin. In zagayen ya zauna a ka, kana saka na yanzu ka riga ka san launin da ido zai nema. Akwai masu cewa a bi duk gudan da ya fara bayyana. Ga gwanaye irin su Juan Pablo Huanqui na Peru, waɗanda suka sauka ƙasa da sakan 30, wannan daidai ne. Ga mu masu minti biyu, ni ban yarda ba. Zaɓi da yawa shi ke haifar da tsayawa. Ku rage gudun hannu har ya zama ba ya tsayawa ko sau ɗaya, agogo zai nuna muku bambanci.

Hawan ƙarshe har yanzu duba huɗu nake yi, wato a mataki huɗu nake gama shi. Gyaran gefe iri uku ne kawai, don gefen da suka daidaita ko biyar ne (babu gyara), ko uku (iri biyu), ko ɗaya, kuma F R U R' U' F' da F U R U' R' F' na kiyub ɗin Rubik 3x3 suna aiki yadda suke (F fuskar gaba ce, R ta dama, U ta sama, DR ta ƙasa-dama, alamar ' kuma juyin baya). Wajen jera kusurwoyi ina nan a kan R' DR' R a cire, a juya U, R' DR R a mayar, ana musanyawa. Yana da jinkiri amma ba ya cin amana, muddin ba ka maimaita ɗaya sau biyu a jere ba. In ka yi haka, S2L ta rushe.

Shi kansa abin wasan, ƙurar hunturu ba ta raga masa. Tana haɗuwa da mai ta zama laka a kan hanyoyin ciki, fuska ta riƙa ƙugi tana cijewa. Ku kwance shi, ku goge kowane guda da tsumma busasshe, ku ɗiga man silikon ɗigo biyu ko uku, kada ya wuce haka. Don Allah ban da man gyaɗa, ban da basilin, ban da baƙin mai. Kwalbar silikon ɗin 'yar mitsitsiya ce, amma kuɗin kawo ta ya kusa kai kuɗin sayenta, abin ya yi mini zafi, gara mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya. Wajen ɗaurin noti, fuska 12 ne, ku juya kowace daidai da 'yar uwarta, kwata-kwatan zagaye a lokaci guda. In ɗaya ta fi sakewa, nan gefe zai riƙa tsalle yana fita.

Masu shirin gasar WCA, ƙungiyar duniya mai tsara gasar irin waɗannan wasanni, ku hargitsa shi yadda doka ta ce: fari a sama, kore a gaba, layi 7 na R da D da U, motsi 77. R++ da D++ taku biyu ne, digiri 144, ba 72 ba, nan mutane da yawa ke kuskure su sami hargitsi mai sauƙi. Sakan 15 na dubawa ya ishe ka tsara gefe uku na tauraro, ka hango inda sauran biyun suke. Kuma juyin U na ƙarshe a kammala shi kafin a saki: in fuska ta kauce fiye da digiri 36, an ƙara maka sakan 2. Wanda ya sami hanyar raba gefen madara da ja da na madara da hoda a ƙarƙashin fitilar caji, don Allah ya taimaka mana da ita.