Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Matashin Kan Ɗan Sarki

Wancan makon na tsaya a inda na bar gonar tumatir a Almeriya ta kudancin Sifaniya, to kafin in ci gaba sai na koma kan maganar Kawu, don har yau tana cina. "Namiji da kibiyar saƙa, ai ka gama lalacewa." A zaure ya faɗa, gaban su Yaya, ina shekara sha biyu, ina riƙe da safar jariri da Goggo ta koya min da zaren ulu. Kawun nan fa ubansa masaƙi ne, amma wai saƙar masaƙa daban, ta kibiya ta mata ce.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa, aiki ne kawai. Ranar da wani abokin aiki ya ja ni Burgos, can arewacin Sifaniya, muka shiga Las Huelgas, tsohon gidan ibadar mata Kirista inda aka binne 'yan gidan sarauta, wallahi ban san abin da zan tarar ba. Matashin kai ne na siliki, saƙar kibiya, da aka ciro daga kabarin ɗan sarki Fernando de la Cerda wanda ya mutu a 1275, yana cikin saƙa mafi tsufa da aka samu a Turai kaf. Ɗaurin ƙanana ƙwarai, kusan ashirin a inci guda, ni da nake ji da hannuna ko rabi bana kaiwa. A gefensa an saƙa kalmar baraka da rubutun Larabci, masana sun ce Musulmin Andalus ne ke wa sarakunan Kirista wannan aiki, dama can safa mafi tsufa ta irin wannan saƙa a Masar aka tono ta, ta auduga. Na daɗe a tsaye, Goggo kawai nake tunawa, ita da bata taɓa wuce Zinder ba.

Daga baya na ji cewa a zamanin da, a Faransa da Jamus ƙungiyoyin masu saƙa maza ne zalla, sai yaro ya yi shekaru yana koyo kafin a kira shi gwani, a Ingila ma a 1571 doka aka yi talaka ya sa hular ulu ran Lahadi don sana'ar masu saƙa hula kar ta mutu. Maza, Kawu, maza.

Ya rasu ina can, ban samu na faɗa masa ba, Allah ya jiƙansa. Safar jaririn nan ma ban ƙarasa ta ba, a ranar da ya yi maganar na jefa ta bayan rumbu. Mako mai zuwa zan faɗi yadda takarduna suka ɓata.