Ranar da na dawo gida da haƙora ashirin

Laraba, da dare.

Yanzun nan na cire su, haƙoran robar da aka sa mini yau. Ga su can cikin kofi, na zuba musu ruwa ya rufe su, bakina kuma ya koma yadda yake tun wata huɗu da suka wuce: leɓen sama ya lotsa ciki, harshe yana ta yawo ba abin da yake taɓawa a sama sai dasashi. Gajiya ce a jikina sosai, amma ba zan kwanta ban rubuta yau ba.

Daren jiya barci rabi da rabi na yi. Ba ciwo nake tsoro ba, don likita ta riga ta faɗa mini yau babu allura babu cira. Abin da ya hana ni runtsawa shi ne tunanin a miƙo mini madubi in ga wata mata daban. Da sassafe 'yata ta leƙo ɗaki ta tarar na gama shiri ina zaune a bakin gado. Ta ce, "Umma, ai ƙarfe goma aka ce mana." Na ce na sani, zaman ne ya fi mini kwanciyar.

Muna jiran a kira mu, ta ga na yi shiru, sai ta ciro waya tana karanta mini abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa: kusan kashi 7 cikin 100 na mutanen duniya masu shekara 20 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya a baki, a cikin masu shekara 60 zuwa sama kuwa abin ya kai kashi 23. Ta karanta ne don ta kwantar mini da hankali, kuma ya kwanta ɗin, amma wani ɓacin rai ya biyo baya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke nan na tsofaffi. To ina suke? Shekaru nawa na yi ina ganin ni kaɗai ce, ban taɓa jin wata ta buɗe baki ta ce mini ita ma da haƙoran roba take yawo ba. Kowa ya ɓoye nasa, ni ma na ɓoye nawa.

Ciwon dasashi ne ya cinye mini haƙora, ciwon suga kuma ya taya shi. Na daɗe ina ganin jini a jikin burushi ina cewa ai na goga da ƙarfi ne. Haƙorin farko da aka cire na can ƙurya ne a ƙasa, wanda ba mai gani, sai na bar giɓin haka nan. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce haƙora jingine suke da juna, in ɗaya ya tafi na gefensa sai ya karkato cikin giɓin, na samansa kuma ya riƙa zazzagowa tunda ba abin da zai tare shi. Abinci ya samu wurin maƙalewa, taunar ta koma ɓari ɗaya, nauyi ya yi wa sauran yawa. Ɗaya bayan ɗaya suka fara girgiɗi. Ni da nake koyarwa, sai na koyi yin bayani fuskata na kallon allo. Idan ɗalibi ya faɗi abin dariya, hannuna ya riga dariyar isa baki. Na daina tsayawa a hoto. Wata huɗu da suka wuce aka cire ragowar na sama gaba ɗaya, a ƙasa aka bar mini takwas na gaba, waɗanda ƙashinsu yake da sauran ƙarfi.

Jiran wata huɗun nan ba ƙaramin abu ba ne, amma na gane dalilinsa. Da zarar an cire haƙori, ƙashin da yake riƙe da saiwarsa sai ya fara zaizayewa, kuma a watannin farko ya fi sauri. Akwai waɗanda ake sa wa haƙoran roba a ranar da aka cire nasu, sai dai ba a daɗewa suke yin sako-sako a sake gyara. Ni likita ta ce saboda sugana gara a bari dasashin ya warke ya zauna tukuna.

Yau ne zuwana na biyar a kan aikin nan. Na farko da na biyu awon baki ne, da wani ƙulli mai sanyi da ake cika faranti da shi a danna a dasashi har ya daskare. Ta ce daga ciyawar teku ake samo sinadarinsa. Ranar na sha fama da tashin zuciya, sai da ta ce in sunkuyar da kai gaba in riƙa numfashi ta hanci. Na uku aka sa mini dunƙulen kaki na ciza, don a gane tazarar da ke tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa. Na huɗu aka jera haƙoran a kan kaki na gwada. A ranar ce na nuna mafi fari a cikin jerin launukan, ta girgiza kai ta ce, "Malama, wannan daga nesa za a gane ba naki ba ne." Ta kara launin da takwas ɗina na ƙasa, ta zaɓi wanda ya saje da su. Ta yi gaskiya. A ranar kuma na kai mata wani tsohon hotona ina dariya, na nuna mata wushiryata, na tambaya cikin jin nauyi ko za a iya mayar mini da ita. Ta ce ai aikin mai haɗawa ne, zai bar 'yar tazara.

Da ta buɗe ledar yau, wushiryar na fara gani.

Na sama haƙora 14 ne a jikin faranti mai launin dasashi, wanda yake rufe ganɗa baki ɗaya. Na ƙasa 6 ne, uku dama uku hagu, a jikin siririn ƙarfe da yake bi ta bayan haƙorana, da 'yan ƙugiyoyi masu kama haƙoran gefe. Da takwas ɗina, 28 ke nan. Cikakken baki 32 ne, amma huɗun can ƙurya da suke fitowa a ƙarshe ba a saba mayar da su ba.

Ta jiƙa na saman ta ɗora, ta danna da yatsa a tsakiya. Sai na ji ya kama, kamar yadda jiƙaƙƙen kofi yake manne wa tebur. Ba gam ba komai, yawu ne kawai da rashin iska tsakanin farantin da ganɗa. Abin da na fara ji shi ne bakina ya cika maƙil, harshe ya rasa wurin zama, yawu kuma ya taru kamar an buɗe famfo. Ta ce baki ya ɗauka abinci aka sa masa, kwana kaɗan zai saba.

Daga nan aka shiga gyara, kuma shi ya ci lokaci. Ta shafa wani farin mai a cikin farantin, ta mayar, ta cire, duk inda man ya goge nan ne yake danne dasashi, sai ta ɗan kankare wurin da injinta. Ta sa mini wata siririyar takarda shuɗiya tsakanin haƙora ta ce in ciza in goga hagu da dama, inda shuɗin ya yi yawa ta rage. Mun yi haka ya fi sau shida. Ban ƙosa ba ko kaɗan. Na ga mutum yana ba bakina muhimmancin da ni ban ba shi ba shekara da shekaru.

Sannan ta miƙo madubi.

Ba haƙoran na fara kallo ba, leɓena na kalla. Ya taso ya koma mazauninsa. Ramukan nan biyu da suka zurma daga hanci zuwa gefen baki sun ragu, kumatuna sun ciko. Na buɗe baki a hankali. 'Yata tana tsaye a bayana, ta cikin madubin na ga ta sa gefen hannu tana share ido. Ta ce, "Umma, ke ce ta cikin hoton nan." Ban iya amsa mata ba.

Likita ta bari na natsu, sannan ta ce in ƙirga daga sittin zuwa saba'in. Nan na san da sauran aiki. "Sittin" ta fito da 'yar fito a gabanta, "shida" ta fito kamar bakina cike da ruwa. Ta ce in ce "tsuntsu", na ce wani abu da ni kaina ban gane ba. Gabana ya faɗi, don da baki nake neman abincina. Ta ce harshe ya saba da inda yake bugawa, yanzu an canja masa rufin ɗaki, sai ya sake koyo, kuma maganinsa karatu da ƙarfi kullum. Ta koya mini sawa da cirewa a gaban madubi har sau uku, ta ja mini kunne kada in taɓa cije na ƙasan don ya shiga, da yatsu ake zaunar da shi, in ba haka ba ƙugiyoyin su lanƙwashe.

'Yata ta sake tayar da maganar dashe, wanda ake kafa ƙusar ƙarfen titaniyom a cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai. Ta daɗe tana karantawa a kansa, har ta san a Suwidin aka fara yi wa mutum a 1965. Likita ta ce ba a rufe ƙofar ba, amma dashe yana son ƙashi mai kauri da suga da ke kwance, ni kuma ƙashin samana ya zaizaye da yawa. Mu ga yadda zan yi da waɗannan tukuna. Raina ya fi kwanciya da hakan. Ba na son mai yi mini alƙawarin da bakina ba zai iya ɗauka ba.

A hanyar dawowa na kama kaina sau biyu ina kai hannu baki. Na sauke shi, na riƙe jakata da hannu biyu.

Maigidana yana zaune a falo muka shiga. Na yi sallama, sallamar ma da 'yar fitonta. Ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Sannu da dawowa." Na san ba daga asibiti kawai yake nufi ba.

Abincin rana ne ya sauke ni ƙasa. Mai laushi aka yi mini, na yanka ƙanana kamar yadda aka ce, amma lomar farko da na tauna ta dama kawai, sai ɓarin hagu na farantin ya ɗaga. Dole sai an raba loma gida biyu a tauna ta ɓangarorin biyu lokaci ɗaya, sama da ƙasa, a hankali. Kuma ba a gatsa da na gaba, don yana ɓalle na saman daga baya. Abin da ban zata ba shi ne zafi. Tunda roba ta rufe ganɗa, ban ji zafin abincin ba sai da ya kai maƙogwaro. Ɗanɗanon ma kamar an rage masa murya. Abin da nake cinyewa a minti goma ya ɗauke ni fiye da rabin awa, kuma ban ƙoshi ba, gajiya na yi na ajiye cokali. Na shiga ɗaki na zauna shiru. Gaskiya a lokacin na ji takaici, don a can cikin zuciyata na sa ran haƙorana ne za a dawo mini da su, alhali abin da aka ba ni kayan aiki ne da sai na koyi riƙonsa.

Da yamma na ɗauko littafin da zan koyar ranar Litinin, na rufe ƙofa, na yi ta karantawa da ƙarfi. Shafi huɗu na yi. Na lura in na rage sauri, kuma na haɗiye yawu kafin in fara jimla, fiton yana raguwa. "Sassafe" ta fara daidaita. "Tsuntsu" har yanzu da saura. Wajen shafi na uku ne na fara jin wani wuri yana yi mini zugi a ƙasa ta hagu, can baya kusa da harshe. Da na duba, wurin ya yi ja kamar ƙwayar wuta. Zuciyata ta raya mini in ɗan goge gefen robar da abin gyaran farce. Na tuna likita ta gargaɗe ni da kakkausar murya a kan haka: in na kankare da kaina na ɓata zaman farantin, kuma abin da aka rage ba ya dawowa. Na wanke baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri na haƙura.

Wankin dare na yi shi a tsanake. Na shimfiɗa tawul a cikin kwamin wanke hannu, don in suka suɓuce kada su fashe. Burushi mai laushi na daban, da sabulun ruwa marar ƙarfi, ban da man goge baki, don yana kankare robar ya bar ƙananan ramuka da ƙwayoyin cuta za su zauna. Ban da ruwan zafi, yana tanƙwara su. Ban da barin su a bushe. Sannan na goge takwas ɗina ɗaya bayan ɗaya, musamman biyun da ƙugiyoyi suke kamawa, don yanzu su ne ginshiƙin na ƙasan, in suka tafi shi ma ya rasa madafa. Na goge dasashi da harshe da ganɗa.

Cirewar ce ta fi yi mini wuya, ba a hannu ba, a zuci. Na so in kwana da su, ko don kada maigidana ya ga fuskar nan ta sake zurmawa. Amma dasashi yana buƙatar hutu, kuma kwana da su yana jawo wani kumburi ja a ƙarƙashin farantin, na irin ƙwayar cutar da ke sa farin baki. Likita ta ma ambaci wani bincike da aka wallafa a 2015 kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama a Japan, inda aka ga masu kwana da haƙoran roba sun ninka masu cirewa a haɗarin kamuwa da ciwon huhu. Ban kai shekarunsu ba, amma da suga a jikina ba zan yi wasa ba. Ta kuma gaya mini ƙashin ba zai daina raguwa ba, sannu a hankali dai, don haka nan gaba za a riƙa cike cikin farantin ya sake kamawa, bayan shekara biyar zuwa goma kuma a yi sababbi.

Jibi Juma'a zan koma. Ta ce ko da zafi in daure in sa su na wasu awanni kafin in zo, don ta ga ainihin inda suke ci mini dasashi. Na sa agogo ya tashe ni da wuri, in sa su in yi shafi huɗu kafin gidan ya tashi. Wurin nan na hagu har yanzu yana zugi in harshe ya taɓa shi.