Dare uku ina farautar kuskure a fim ɗin tseren motoci

Aikina a harkar fim shi ne ci gaban shiri. Ni ne mai tsayawa da littafi a bayan mai ɗaukar hoto, ina rubuta wace hula jarumi ya sa, da wane hannu ya riƙe kofi, a ina shayin ya tsaya lokacin da darakta ya ce a yanke. Bara da damina ta tsayar mana da aiki, ogana ya haɗa ni da matasa biyu, namiji da mace, ya ce in koya musu. Na daɗe ina tunanin ta inda zan fara, don ido ba ya koyuwa da dogon bayani. Daga ƙarshe na ga gara in samo fim ɗin da aka narka wa kuɗi, mu zauna mu tsefe shi tare.

Na ɗauko Days of Thunder, fim ɗin Amurka na 1990 wanda Tony Scott ya ba da umarni. Tom Cruise ne ya fito a Cole Trickle, matashin direba da ya shigo NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, Robert Duvall kuma ya fito a Harry Hogge, dattijon da ke shugabantar makanikansa. Dalilina na zaɓarsa shi ne motar tsere ba ta iya ɓoye komai. Jikinta cike yake da lamba da launi da tambarin kamfanoni, idan ta gogi bango ko tayar wata motar ta shafe ta, shaidar tana nan baro-baro. Kafin in kira yaran sai da na kalle shi ni kaɗai dare uku.

Daren farko na kashe sauti gaba ɗaya. Wannan dabara ce da na daɗe da ita, kuma a nan ta yi rana, domin kiɗan Hans Zimmer da rugugin inji suna jan mai kallo da gudu har ido ya daina tsayawa. Da shiru ya sauka sai abubuwa suka fara fitowa. Mota ta ci karo, gefenta ya lotse, a hoto na gaba ta fito sumul kamar yanzu ta baro wurin fenti, can kuma lotsawar ta dawo. Idan an hasko filin daga nesa sai ka ga motoci sun yi cincirindo, da an matso kusa da jarumin sai su koma 'yan ƙalilan. Hasken rana ma yana sauyawa a cikin zagayen da bai kai minti ɗaya ba. Na cika shafuka, na kwanta ina jin na samu abin koyarwa.

Washegari na ce bari in san yadda aka ɗauki fim ɗin, don a wurinmu idan ka ga kuskure, tambayar farko ita ce me ya faru a ranar ɗauka. A nan na fara sassauta hukunci. Kamfanin tsere na Hendrick ne ya tanadi motocin, kuma ba a fili na wasa kaɗai aka tuƙa su ba, an saka su cikin tseren gaske ɗauke da kyamarori. A filin tseren Phoenix, cikin Nuwamban 1989, Greg Sacks ya tuƙa mai lamba 46, Bobby Hamilton ya tuƙa mai lamba 51, har Hamilton ya shige gaban kowa na ɗan lokaci. A babban tseren Daytona 500 na Fabrairun 1990 an bar motocin fim sun bi sahun baya ba tare da an sa su a lissafi ba, suka fita tun tseren bai yi nisa ba. Tseren na zagaye 200 ne, kuma Derrike Cope ne ya cinye shi bayan tayar Dale Earnhardt ta yanke a zagayen ƙarshe. Ke nan ƙarshen da fim ɗin yake so, wato jarumi ya ci tseren, babu shi a hoton gaske, dole aka shirya shi daban, a wata rana, da motocin da ke hannu.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tace hoto ya san abin da hakan ke nufi. Hoton tseren gaske ba a ce masa a maimaita. Ba za ka tsayar da motoci sama da 40 ka ce a dawo baya, lotsawar ba ta hagu take ba. Abin da ka samu ranar shi ne rabonka. Ga shi ɗaukar ta ja har cikin watan Mayu, fim ɗin kuma ya fita ranar 27 ga Yuni, makonni kaɗan ke nan aka bar wa masu tacewa. Na san wannan matsin, ko da namu bai kai nasu girma ba. Akwai ranar da na nuna wa wani darakta cewa agogon hannun jaruma ya ɓace tsakanin fita biyu, ya dube ni ya ce rana ta kusa faɗuwa, kuma gobe mai gidan zai karɓi makullinsa. Haka fim ɗin ya fita.

Dare na uku shi ne wanda ya fi amfanata, domin a ciki na koma kan jerin da na kira "abin da ba zai yiwu ba". Na rubuta cewa motoci suna shiga layin canza taya da gudun tsiya, alhali a tseren da nake gani yanzu kowa rage gudu yake yi. Na rubuta cewa makanikai suna tsallaka katanga ba hular kwano. Na rubuta cewa hular direbobin a buɗe take ta gaba. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, duka ukun fim ɗin ne ke da gaskiya. A 1990 babu dokar taƙaita gudu a layin canza taya. An kawo ta ne a 1991, bayan wata mota ta kuɓuce ta kashe Mike Rich, mai canza wa direba Bill Elliott taya, a Atlanta cikin Nuwamban 1990, watanni kaɗan da fitar fim ɗin. Hular kwano ga makanikai sai farkon shekarun 2000 aka wajabta ta. Buɗaɗɗiyar hula kuwa, irinta ce a kan Earnhardt ranar da ya rasu a Daytona cikin Fabrairun 2001. Na ajiye biro na yi shiru. Abin da na ɗauka sakacin masu fim ne ashe hoton wani zamani ne, kuma sai da aka rasa rayuka kafin ya sauya.

Haka ma wasu wurare da na ɗauka an ƙara musu gishiri. Akwai inda direba yake neman shigowa a duba masa mota, shugaban makanikai ya hana shi don suna shan askirim. Wannan ya faru da gaske a 1987 tsakanin Benny Parsons da Harry Hyde, mutumin da aka gina Harry Hogge a kansa. Inda shugaban hukumar tseren ya kira direbobi biyu masu gaba ya ja musu kunne ma yana da tushe a rikicin Earnhardt da Geoff Bodine.

Kuskuren gaske kuwa yana inda ban taɓa zato ba, don ya yi kama da abin da kowa ya saba gani. Fim ɗin yana yawan hasko ƙafar direba tana ƙara danna totur idan zai wuce wani, kamar akwai sauran ƙarfi da ya ajiye a gefe. Filin Daytona kusan kilomita 4 ne, kwanoninsa a jingine suke da digiri 31. Bayan Bill Elliott ya haura kilomita 340 a awa a filin Talladega cikin 1987, motar Bobby Allison kuma ta tashi sama ta yaga wayar da ke kare 'yan kallo, daga 1988 aka sa wa motoci wani farantin ƙarfe mai huda huɗu a ƙarƙashin kafireto don rage iskar da inji ke sha. Don haka a zamanin fim ɗin direba a Daytona ƙafarsa a ƙasa take kusan duk zagayen, yana giya ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe a motocin lokacin. Wucewa kuma da iska ake yinta, ka laɓe a bayan na gabanka ya keta maka ita, sannan ka fito. Na kai maganar wurin wani dattijon makanike da ke layinmu, na nuna masa a waya. Ya kalla sau biyu ya ce, "Ɗana, ƙafar da ta riga ta taɓa ƙasa ina kuma za ta?" Na ce, "Baba, to inda giyar jarumin ta maƙale a ta sama fa, aka tura shi ya tashi?" Ya ce wannan daidai ne, mota ba ta son tashi daga tsaye da babbar giya, amma in ta ɗauki gudu shi ke nan. A kan wannan ba na yi wa fim ɗin uzuri irin na lotsawar mota. Waccan matsin lokaci ne ya jawo ta, wannan kuwa zaɓi ne, kuma yana koya wa mai kallo abin da ba haka tseren yake ba. Haka nake kallon inda Harry Hogge ya haɗa motar tsere a rumbun gona, alhali a wancan lokacin manyan garejoji ne a kewayen Charlotte suke wannan aiki da ma'aikata da yawa.

Ranar da na zaunar da yaran, na raba musu takarda mai gida uku: abin da ya sauya tsakanin hoto da hoto, abin da kake zargin ba gaskiya ba ne, da shekarar da labarin ke faruwa. Na hana su rubuta komai a gida na biyu sai sun cika na uku. Saurayin ya yi saurin ɗaga hannu ya ce, "Yaya, lambar motarsa ta koma 51, a baya 46 ce." Yarinyar ta ce masa ya manta ne, abokin hamayyarsa Rowdy da ya ji ciwo a kai shi ya roƙe shi ya tuƙa tasa motar. Ya goge. Ita ba ta ce komai ba har muka kusa ƙarshe, sannan ta ce in mayar baya kaɗan, ta sa yatsa a kan gilashin gaban motar, inda dattin da ya taru ya ragu tsakanin hoto biyu ba tare da an tsaya gogewa ba. Dare uku na yi a kan fim ɗin ban gan shi ba. Da aiki ya dawo bayan damina, ita na bai wa littafin a fitar farko, na tsaya a gefenta.