Na sauya wa tirelar kwale-kwalena taya

Shekara biyu ina jan kwale-kwalena daga Kano zuwa madatsar ruwa ta Tiga a kan 'yar tirelar da na saye shi da ita. Tayoyinta 'yan ƙanana ne, masu rim inci 8, kamar na Keke Napep. An rubuta 4.80-8 a jikinsu. A cikin gari ba su taɓa ba ni matsala ba. Doguwar hanya ce ta tona musu asiri.

Wata Asabar, mun yi nisa a kan hanya, ƙanena ya ce, "Yaya, ina jin ƙauri." Na tsaya. Ko da na kai hannu kusa da tayar hagu, sai na janye, don zafi. Giris ya narke ya yi baƙi ƙirin, yana tsiyaya a jikin rim, boris ɗin kuma ya farfashe. Ranar ko ruwa ba mu gani ba.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Tsayin waccan tayar kamar inci 16 ne, wato sai ta juya kusan sau 780 kafin a ci kilomita ɗaya. Tayar mota 155R13 kuwa ta kusa inci 23, juyi 550 ya ishe ta. Ga kuma abin da tirelar jirgi ke sha wanda sauran ba sa sha: ka taho boris ya ɗau zafi, sai ka tsunduma shi cikin ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa, ruwa ya gauraya da giris. Tsatsa ta samu gida ke nan.

Da na je kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa niyyata in sayi rim 13 in ɗaura kawai. Wani dattijo mai sayar da kayan motar Golf ya karɓi tsohon rim ɗina, ya kara shi da nasa, ya ce, "Alhaji, duba da kyau." Dukansu huda huɗu ne, amma nawa faɗin da'irar da hudar ke kai inci 4 ne, wato milimita 101.6, nasa kuma 100 daidai. A ido ɗaya suke. In ka matsa noti zai shiga, sai dai a karkace zai zauna, tafiya ta yi tafiya ya kwance ko ƙarfen ya karye. Allah Ya saka wa bawan nan da alheri, don da wani ne da ya karɓe kuɗina ya yi shiru. Na sayi ƙafar baya ta Golf guda biyu gaba ɗayanta, mai walda ya ɗora su a kan aksil, ya yanke madigadi ya ɗaga shi sama don kada taya ta riƙa gogarsa in an faɗa rami. Tayoyin na gwanjo ne, amma sai da na karanta lambobi huɗun nan na jikinsu masu nuna mako da shekarar da aka ƙera su.

A kan titi bambancin a fili yake. Ramin da a da yake haɗiye rabin taya yanzu taka shi take ta wuce, jirgin ya daina tsalle, kuma ko'ina na tsaya mai faci yana da irin tayata.

Bakin ruwa ne na biya kuɗin wannan daɗin. Tirelar ta ƙara tsayi da inci uku da ɗoriya, saboda haka sai na ƙara komawa da baya sosai kafin jirgin ya taso kan ruwa. Inda muke saukarwa gangaren ba shi da zurfi, ga laka, har tayoyin bayan motar suka fara nutsewa. Da rani, in ruwa ya ja baya, abin ya fi muni. Na koma wurin mai walda ya ƙara wa wuyan tirelar tsawon mita ɗaya, ya kuma daidaita maƙalin da tsayin motar.

Yanzu in mun isa Tiga sai na taɓa ƙafafun biyu tukuna. Ɗumi kawai nake ji. Duk da haka nakan bar su su huce, mu sha shayi, sannan in sa giyar baya.