Daga filin MCG zuwa kabarin Tom Wills

Watan Yuli na sauka Melbourne ta ƙasar Ostiraliya wajen ƙanina da ke karatu a can, ashe lokacin hunturunsu ne, sanyi kamar ya fasa ƙashi ni kuwa ko rigar sanyin kirki ban riƙo ba. Ran Asabar yace Yaya shirya mu je kallon ƙwallo a MCG, babban filin kurket na Melbourne, na ɗauka irin tamu ce, ashe ƙwallon Ostiraliya ce (Australian rules). Ina! Ƙwallon kamar ƙwai, fili zagayayye, mutum 18 kowane ɓangare, turakun gola har huɗu, a kama da hannu a nausa a ɗaka da ƙafa, wallahi har aka tashi ban gane me alƙalin wasa yake hurawa ba.

Da muka fito ne na ci karo da wani gunkin tagulla, mutum tsaye yara biyu na kokawar ƙwallo a gabansa. Tom Wills kenan, yana alƙalancin wasan 1858 tsakanin makarantun Scotch College da Melbourne Grammar. Shi fa asalinsa ɗan kurket ne, a makarantar Rugby ta Ingila yayi karatu, da ya dawo gida sai ya rubuta wa jarida wasiƙa a 1858 cewa a kafa kulob ɗin ƙwallo saboda 'yan kurket su daina zaman kashe wando da hunturu. A Mayun 1859 shi da wasu mutum uku suka zauna a otal suka rubuta dokoki goma, wasan da ke cika filin mutum dubu ɗari yanzu daga nan ya faro. Ya buga wa Melbourne, ya buga wa Geelong, ya sha riƙe kyaftin.

Na matsa wa yaron nan sai ya kai ni kabarinsa, yana ta mita. Washegari muka hau jirgin ƙasa a Jolimont zuwa Heidelberg, a hanya yake ban sauran labarin, kuma nan ne jikina yayi sanyi. Cikin 'yan asalin ƙasar na Djab Wurrung ya tashi, yana jin yarensu. A 1861 'yan asalin Queensland suka kashe babansa da mutum 18 a gonar kiwo ta Cullin-la-ringo, shi ya tsira don an aike shi ɗauko kaya. Amma a 1866 sai gashi yana horar da ƙungiyar kurket ta 'yan asalin ƙasar har cikin MCG. Daga baya giya ta ci ƙarfinsa, a 1880 ya kashe kansa yana da shekara 44.

Maƙabartar Warringal shiru, ba kowa sai tsuntsaye, mun ɗan sha yawo kafin mu gano wurin. Shekara ɗari cur kabarin ba ko alama, sai 1980 aka yi karo-karo aka kafa dutsen da sunansa. Na ɗan tsaya hannu cikin aljihu, ƙanina yace Yaya jirgi fa ba ya jira, muka juya ana yayyafi.