Turaku da igiya a gonar da ƙuduji ya cinye

Gonar da muka gada a gefen Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa ta jihar Bauchi, ta kai matsayin da in ka shuka dawa ko masara, ƙuduji kake yi wa noma. Da watan Satumba ya kama, daga hanya ma kana hango furen nan mai ruwan hoda ya rufe kunyoyi, masarar kuwa ta tsugune, ganyenta ya ƙone tun ba ta yi goyo ba. Kawuna, wanda gonar take hannunsa, har ya yanke shawarar a bar ta saura. Ni kuma na san aikin yaƙi da ƙuduji da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta faro a 2011 a jihohin Kano da Bauchi, tare da masanan Samaru da malaman gona na jiha. Sai na roƙe shi ya ara mini wani yanki, na nemo malamin gona na yankinmu, muka ce bari mu gwada da hannunmu.

Malamin bai zo da wani maganin feshi ba. Igiya ya zo da ita, da turaku, da littafi. Muka yanka fili gida-gida, kowane mita goma tsawo, goma faɗi. Wani gida muka sa masararmu ta gado yadda aka saba nomanta. Wani muka sa SAMMAZ 15, irin da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar don jure ƙuduji, ba taki. Wani kuma irin nan ne dai amma da NPK bayan mako biyu, da yuriya kafin maimai. Na ƙarshe waken soya zalla, samfurin TGx 1448-2E. Tsakanin kunya da kunya santimita 75.

Da muka gama sai ya ce a sake jera gidajen nan kaf a can gangare, a kuma sauya musu tsari. Na ɗauka neman wahala ne, sai da ya nuna mini gawon da ke kusurwar gonar da wani tsohon suri. Duk abin da ka shuka a gindin gawo zai yi kyau, domin yana kaɗe ganye da damina, dabbobi kuma suna kwana a inuwarsa da rani suna zuba taki. Da a ce sabon irin ya faɗa can shi kaɗai, da mun yaba masa a kan aikin da gawo ya yi. Haka kuwa aka yi: masarar gado da ta faɗa kusa da bishiyar ta ninka ’yar’uwarta ta gangare kyau, iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka.

Rigimar da muka fi sha da kawu a kan gidan masarar gado ce. Da ya ga ta fara rawaya, makwabciyarta kuma ta yi shar, sai ya ɗebo taki a kwano zai zuba mata. Na ce, “Kawu, don Allah a bar wannan, ita ce shaidarmu.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, yaushe aka fara zuba wa abinci ido yana mutuwa?” Gaskiya yake da ita ta fuskar manomi, ga shi kuma gona tasa ce. Amma in babu gidan da aka bari yadda aka saba, da kaka babu wanda zai iya rantsuwa ko iri ne ya yi aiki, ko taki, ko kuwa Allah ne ya kawo damina mai albarka a shekarar. Na yi masa alkawarin zan biya abin da gidan ya rasa daga albashina, sannan ya mayar da kwanon, yana ta mita.

A mako na takwas da na goma bayan shuka muka durƙusa muna ƙirga ƙuduji a kunyoyin tsakiya, ban da na gefe. A nan malamin ya sa fartanya ya ciro gindin masara ɗaya da ƙasarsa, ya wanke a bokiti. Sama babu ko tsiro ɗaya, amma a jikin saiwar ga wasu fararen ’yan tsirrai masu kauri maƙale, sun fi ƙarfin yatsun hannu a ƙirga. Ashe ƙuduji yana yin makonni a ƙarƙashin ƙasa yana tsotson ruwa da abincin shuka kafin ya leƙo. Lokacin da manomi ya gan shi, yawancin ɓarnar ta riga ta auku.

Irin ƙuduji kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana zubar da dubun-dubata, kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma. Ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa, gero ko masara ke fitarwa, kuma shukar da take jin yunwar taki ta fi fitar da shi. Shi ya sa gajiyayyar gona ta fi fama. Amfanin waken soya a nan yake: saiwarsa tana tayar da irin ƙudujin ya tsiro, amma babu inda zai kama, cikin ’yan kwanaki ya mutu. Ga kuma ƙarfin da yake bar wa ƙasa.

Da kaka, sabon iri mai taki shi ya yi gaba a sama da gangare, wannan ba gardama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙudujin bai daina fitowa a cikinsa ba. Masarar tana jurewa ta yi goyo, shi kuma yana gefe yana fure. Wanda ya ga buhu ya cika ya ƙyale shi, ya ƙara wa gonarsa iri na wasu shekaru. Dole a tuge shi kafin ya yi fure. Wanda ya riga ya yi furen kuma ba a yar da shi kan kunya, don yana iya ƙarasa nuna a yashe. Tarawa muke yi mu ƙona.

Waken soya bai nuna komai ba a shekarar farko sai waken kansa. Sai da damina ta zagayo, muka sa masara a gurbinsa, sannan lissafin ƙuduji a littafin ya ragu a fili idan aka gwada da gidan da aka maimaita masara. Raguwa dai, ba ƙarewa ba. Duk wanda ya ce maka damina ɗaya ta waken soya za ta share gonar da ta shekara ashirin tana tara iri, sayar maka da wani abu yake son yi.

Akwai kuma alƙalan da littafin malamin bai yi musu gurbi ba. Matar kawu ta surfa sabuwar masarar, ta kai niƙa, ta tuƙa, sai da ta ce garin yana da auki kuma tuwon yana kwana bai saki ba, sannan kawu ya yarda a ajiye iri. Da ta kushe, da duk ƙirgarmu ta tashi a banza. Waken soya kuma masu awara suka fara saye tun a ƙofar gida, ragowar aka kai kasuwar Soro, sai dai girbinsa da casarsa sun zo daidai da yankan dawa, hannu ya yi mana kaɗan.

Irin da za mu ajiye daga tsakiyar gida muke zaɓa, saboda iska tana kawo barbara daga masarar makwabta, kuma bayan damina biyu zuwa uku sai a sabunta. Abin da har yanzu ya fi ƙarfinmu shi ne gonar da ke samanmu. Mai ita ba ya tugewa, kuma duk ruwan da ya kwaranyo da marka ta cikin kunyoyinmu na arewa yake bi. Bana kawu da kansa ya ce zai je ya same shi bayan sallar Juma’a, da mudu biyu na sabon irin a hannu.